Zaɓen banish don haƙora masu jin sanyi: yadda ake kwatanta su da yadda ake shafawa

Haƙorin da ke tsargawa idan ruwan sanyi ya taɓa shi ko iska ta shiga baki, sannan ciwon ya ɗauke cikin 'yan daƙiƙoƙi, galibi dantin ɗinsa ne ya fito fili. Dantin shi ne jikin haƙori da ke ƙarƙashin farin ɓawon nan mai tauri da ake kira inamel, kuma cike yake da siraran bututu waɗanda suka taso daga ɓargon haƙori, inda jijiya take, suka nufo waje. A ɓangaren waje ana samun kusan 20,000 a kowace murabba'in milimita, kusa da ɓargo kuma su kai 45,000. Akwai ruwa a cikinsu. Martin Brännström na ƙasar Suwidin ne ya bayyana a shekarun 1960 cewa sanyi, bushewa, zaƙi da taɓawa suna motsa wannan ruwa da sauri, motsin ne kuma jijiya ke ji a matsayin ciwo. Binciken da aka yi da madubin ƙara girma a 1987 ya nuna cewa haƙoran da ke ciwo sun fi waɗanda ba sa ciwo yawan buɗaɗɗun bututu kusan sau takwas, faɗin bututun kuma ya ninka sau biyu. Wannan ninkin ba ƙaramin abu ba ne, domin idan faɗin bututu ya ninka sau biyu, ruwan da ke bi ta cikinsa yana ƙaruwa sau goma sha shida. Haka kuma idan aka rage faɗin da rabi, gudun ruwan yana faɗuwa ƙwarai, ko da ba a toshe shi ɗungurungum ba.

Aikin banish ke nan, wato maganin da likitan haƙori ke shafa wa haƙori kamar fenti: ya manne a kan haƙori na wasu sa'o'i, ya saki sinadarin da zai cushe bakin bututun. Toshewar ba ta dindindin ba ce. Yawu, tsami da buroshi suna cinye ta a hankali. Saboda haka tambayar da ta dace wajen kwatanta banish ba ta tsaya a kan wanne ya fi yawan fulorayid ba. Abin dubawa shi ne wanne zai zauna a wurin da ake so, a bakin wannan mutum, ba tare da ya cutar da shi ba, kuma tsawon wane lokaci.

A fara tabbatar da cewa matsalar ita ce

Ba a kiran ciwo jin sanyin dantin sai an kore sauran dalilai. Ruɓewar haƙori, ciko da ya fashe ko ya saki baki, tsagewar haƙori, ciko da ya yi tudu, kumburin ɓargo da tsargawar da ke biyo bayan maganin sa haƙora su yi fari duk suna kawo irin wannan ƙorafi, kuma shafa banish a kansu jinkirta magani ne kawai. A tambayi mai ciwon tsawon lokacin da ciwon ke ɗauka. Idan yana wucewa da zarar an janye sanyin, ana kan hanya. Idan yana daɗewa rabin minti ko fiye bayan an janye, ko yana zuwa da kansa, ko yana tashinsa daga barci, ko zafi ne ya fi tayar da shi, to maganar ta koma ɓargo, sai gwajin jijiya da hoton eksire. Idan kuma ciwon yana zuwa lokacin tauna, musamman a daidai sakin cizo, a nemi tsagewa.

Wurin da aka fi samun jin sanyin dantin shi ne wuyan haƙori ta gefen kunci, inda dasashi ya ja baya ko inamel ya zaizaye, musamman a fiƙoƙi da ƙananan turamen da ke bayansu. A duba wurin da kyau a gano abin da ya buɗe shi: goge baki da ƙarfi, lemukan kwalba da 'ya'yan itatuwa masu tsami, ƙwannafi ko yawan amai, cizon haƙora cikin barci, ko kankare kanta, wato dauɗar da ta ƙanƙare a jikin haƙori, da aka yi kwanan nan. Inamel yana fara narkewa idan ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauka zuwa kusan 5.5, amma dantin yana fara narkewa tun a sama da 6, don haka abin sha da ba zai yi wa inamel komai ba yana iya wanke toshewar da aka yi wa saiwa.

Sannan a auna ciwon kafin a shafa komai. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma ba tare da shi ba babu kwatanci. A rufe haƙoran da ke maƙwabtaka da yatsu ko auduga, a hura iska daga nisan santimita ɗaya na daƙiƙa ɗaya a wuyan haƙorin, a rubuta maki bisa ma'aunin Schiff: 0 idan bai ji komai ba, 1 idan ya ji amma bai nemi a daina ba, 2 idan ya nemi a daina ko ya kauda kai, 3 idan ya ce ciwo ne sosai kuma ya nemi a daina. A ƙara da tambayarsa ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. Idan za a gwada taɓawa da tsinken bincike, a fara da shi kafin iska, a bar kamar minti biyar tsakani, domin haƙorin da aka tsokana yanzun nan ba ya ba da amsa ta gaskiya.

Abin da ke cikin kowace kwalba

Wanda ake auna sauran da shi shi ne banish mai sodiyam fulorayid kashi 5 cikin 100, wato fulorayid 22,600 ppm (kashi 22,600 cikin miliyan), ko miligiram 22.6 a kowace mililita. Duraphat, wanda aka ƙirƙira a Jamus a shekarun 1960, shi ne tsohon gida a wannan rukuni, kuma Profluorid na VOCO da wasu da yawa suna kan tsari ɗaya. An jiƙa fulorayid ɗin cikin kolofoni, wato ƙaron itacen fayin, wanda aka narkar da itanol. Da ya haɗu da yawu sai itanol ya fita, ƙaron ya ƙanƙare a kan haƙori. A ƙarƙashinsa fulorayid yana haɗuwa da kalsiyam na haƙori da na yawu, ya zama ƙananan ƙwayoyin kalsiyam fulorayid da ke taruwa a bakin bututu. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da irin wannan banish a 1994 a matsayin maganin jin sanyin haƙori da shimfiɗar ƙarƙashin ciko, don haka wannan aiki shi ne rajistarsa ta asali a can. Ƙarfinsa shi ne yana jure damshi, shafa shi ba wuya, kuma an daɗe ana aiki da shi. Rauninsa shi ne ƙwayoyin kalsiyam fulorayid ƙanana ne idan aka kwatanta da faɗin bututu, kuma suna narkewa a yawu, shi ya sa shafawa ɗaya ba ta cika wadatarwa ba. Na asali launin ruwan zuma ne, yana barin haƙora da ɗan rawaya har zuwa gogewa ta gaba. Wannan launi yana taimaka wa mai shafawa ya ga inda ya kai, amma wanda zai koma wurin aiki nan take zai fi son fararen nau'o'in.

Rukuni na biyu su ne masu fulorayid kashi 5 ɗin nan amma an ƙara musu kalsiyam da fosfet. MI Varnish na GC yana ɗauke da CPP-ACP, haɗin kalsiyam da fosfet wanda ake samowa daga furotin ɗin madara. Clinpro White na 3M yana da TCP, wani nau'in kalsiyam fosfet, da aka lulluɓe don kada ya haɗu da fulorayid tun a cikin mazubi. Enamel Pro na Premier yana da ACP, shi ma nau'in kalsiyam fosfet ne, Embrace na Pulpdent kuma yana da kalsiyam da fosfet da aka lulluɓe da zailitol. Hikimar ita ce a kawo wa fulorayid kayan gini tare da shi maimakon ya jira na yawu. A ɗakin gwaji an ga bambanci a yawan sinadaran da kowanne ke saki, kuma mai CPP-ACP yana cikin masu saki da yawa a sa'o'in farko. A bakin mutane kuwa, sakamakon gwaje-gwajen jin sanyi bai nuna cewa ɗaya daga cikinsu ya yi wa na asali fintinkau a kowane lokaci ba. A ganinmu, inda ƙarin ya fi ma'ana shi ne ga mai bushewar baki, wanda magunguna ko gashin cutar daji a kai da wuya suka rage masa yawu, domin shi ne ba shi da isasshen kalsiyam na kansa. Ga mai lafiyayyen yawu, kyakkyawar shafawa ta fi ƙarin sinadari tasiri. A kula: MI Varnish bai dace da wanda jikinsa ba ya karɓar furotin ɗin madara ba.

Rukuni na uku siraran banish ne masu kama da ruwa, marasa kolofoni. Fluor Protector na Ivoclar, wanda ya fito a shekarun 1970, yana da fulorayid kashi 0.1 kacal, wato 1,000 ppm, a cikin foliyuretan. Ƙanensa Fluor Protector S yana da amoniyam fulorayid mai 7,700 ppm, kuma idan ruwan da ke ɗauke da shi ya bushe, ƙarfin abin da ya rage a kan haƙori yana ninkawa kusan sau huɗu. Bifluorid 10 na VOCO ya haɗa sodiyam fulorayid kashi 5 da kalsiyam fulorayid kashi 5, na farkon don aiki nan take, na biyun don ya zauna a matsayin ajiya. A nan ne duba lambar ppm kaɗai ke ruɗar mutum. Siririn banish yana malala ya shiga lunguna da tsakanin haƙora, yana barin fata marar kauri da harshe ba ya ji, ba ya kuma canza launi. Amma yana buƙatar busasshen haƙori. Idan aka shafa shi a kan jiƙaƙƙen wuri, zai ɗaye cikin ɗan lokaci. Wannan yana da wahala ga mai jin sanyi, tunda busarwar da kanta ciwo ce, don haka da auduga ake busar da wurin, ba da iska mai ƙarfi ba.

Akwai kuma Clinpro XT, wanda sunansa banish ne amma a zahiri siririn ciko ne na gilas ayonoma, wani simintin haƙori, da aka haɗa da resin, wato robar da ake farin ciko da ita, ana daskarar da shi da fitila mai shuɗin haske. Shi ba ya wankewa da buroshi washegari. Yana manne wa dantin, ya rufe bututun kai tsaye, yana sakin fulorayid da kalsiyam, kuma kamfanin ya ce yana iya kai wata shida a wurin. Ba na shafa wa baki gaba ɗaya ba ne, na haƙori ɗaya ko biyu ne da suka ƙi jin magani. Cervitec Plus kuwa, mai kulohekzidin kashi 1 da taimol kashi 1, an yi shi ne da farko don rage ƙwayoyin cuta a saiwar da ta fito fili. Fatar da yake bari tana rage tsargawa na ɗan lokaci, amma ya fi dacewa inda jin sanyi ya haɗu da barazanar ruɓewar saiwa da kumburin dasashi.

Biyu da ake jerawa da banish alhali aikinsu daban ne

Gluma na Kulzer ruwa ne mai gulutaraldehaid kashi 5 da HEMA, wani sinadarin resin, kashi 35. Ba ya barin fata a waje. Yana shiga cikin bututu ya daskarar da furotin ɗin da ke cikin ruwansu, ya gina shingaye har zurfin kusan maikiromita 200, wato milimita 0.2, shi ya sa buroshi ba ya saurin share aikinsa. Ana goga shi daƙiƙa 30 zuwa 60, a busar a hankali har ƙyallin ya ɓace, sannan a wanke da ruwa sosai. Yana ƙona dasashi idan ya zauna a kansa, kuma wuyan haƙori dab yake da dasashi, don haka kare naman wajibi ne.

Silba dayamin fulorayid kashi 38, mai fulorayid 44,800 ppm, ya daɗe ana aiki da shi a Japan, kuma FDA ta amince da shi a 2014 don jin sanyin haƙori. Yana aiki da sauri, ɗigo ɗaya yana isar haƙora da dama. Illarsa ita ce launi: duk inda akwai ruɓewa zai mayar da shi baƙi na dindindin, yana kuma tabo a fata, tufafi da kayan aiki. Ya dace da saiwar turame na baya a bakin dattijo mai ruɓewa, ba wuyan fiƙar matashi ba, kuma sai an nuna wa mutum hoton yadda wurin zai koma ya amince tukuna.

Yadda ake yanke shawara

A fara da abin da jiki ba ya karɓa, domin shi ne ke fitar da wasu daga jeri tun kafin a yi maganar inganci. A tambaya ko filasta tana sa masa ƙaiƙayi da ja a fata, domin manne na wasu filastoci yana da kolofoni. Idan haka ne, a bar duk masu kolofoni a ɗauki siriri marar shi. Takardar Duraphat ta hana amfani da shi ga mai gyambon dasashi, mai kumburin baki da mai asma, saboda haka a yi tambayar asma ga kowa, musamman wanda ta taɓa kwantarwa a asibiti. Mai ciwo a buɗe a baki ya jira ya warke. Ga mai juna biyu da mai shayarwa, a karanta abin da takardar kowane samfuri ta ce, tunda wasu suna da itanol mai yawa.

Bayan haka sai yawan haƙoran. Idan jin sanyin ya bazu, kamar bayan kankarar kanta a baki duka, banish mai kashi 5 shi ne farkon zaɓi, domin cikin minti biyu an gama kuma damshi ba ya hana shi. Idan haƙoran gaba ne kuma ana iya busar da su, siririn ya fi kyan gani. Idan haƙori ɗaya ne mai maki 3 da ya sha banish sau uku bai sauka ba, a koma ga Gluma, ko Clinpro XT, ko manne na resin. Idan wuyan haƙorin ya zaizaye har ya yi rami mai zurfin da ya wuce milimita ɗaya, yana tara dauɗa, to wurin ciko yake so, banish ba zai cike gurbin jikin da ya tafi ba.

A kuma duba aikin da ke gaba. Ƙaron banish da ya rage a kan haƙori yana raunana mannewar farin ciko, don haka ba a shafa shi a wurin da za a yi ciko ko a manna wayar gyaran haƙora a wannan rana. A gama aikin manne tukuna, banish ya zo ƙarshe.

Shafa mai kashi 5, daki-daki

A tanadi mazubin shafawa ɗaya, ƙaramin buroshi, naɗaɗɗiyar auduga da gozi, wato ƙyallen bandeji. Ma'aunin da ake sayarwa yawanci mililita 0.25 ne, mai fulorayid miligiram 5.65, da 0.40 mai kusan miligiram 9, da 0.50 mai miligiram 11.3. Iyakar da takardar Duraphat ta sa wa babba mai cikakkun haƙora ita ce mililita 0.75. Don wuyan haƙora huɗu ko biyar, ko 0.25 ba za a ƙarar ba, kuma babu dalilin shafe ragowar a ko'ina don kada ta lalace.

Da farko a share dauɗa daga wurin da buroshi mai laushi ko gozi. Banish da aka ɗora a kan dauɗa, dauɗar ya manne wa, kuma tare za su tafi. Ba a buƙatar gogewa da hoda mai kaushi, hasali ma tana ƙara buɗe bututun.

A buɗe mazubin a gauraya sosai har launin ya zama ɗaya. Sodiyam fulorayid ba ya narkewa a cikin ƙaro, yana kwanciya ne a ƙasa kamar yadda kamu ke kwanciya a gindin ƙwarya, kuma wanda ya tsoma buroshi a sama ba tare da ya motsa ba yana shafa ƙaro ne kusan zalla. Wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa samfuri ɗaya ke aiki a hannun wani ya ƙi a hannun wani. Idan daga bututun mililita 10 ake matsowa, a matsa a kan takardar gauraya, a rufe nan da nan don kada itanol ya tsere ya bar shi da kauri.

A sa auduga a gefen kunci, a dangwale wuyan haƙorin da gozi. Ana son a rage yawu ne, ba a ƙafar da haƙorin ba. A ɗebo kaɗan a bakin buroshi, a ja shi sau ɗaya a kwance, bin layin dasashi, daga wannan gefe zuwa wancan, a tabbatar ya rufe duk dantin da ya fito har ya ɗan hau inamel. Siriri ake so. Mai kauri yana dunƙulewa, harshe ya yi ta wasa da shi har ya ɓamɓare, a haɗiye. Idan buroshi ya fara jan zare kamar danƙo, yawu ya riga ya taɓa shi, a sauya buroshin. Kada a koma ana shafa wurin da ya fara ƙanƙarewa, domin ɗago shi za a yi.

A cire audugar a hankali ta yadda ba za ta goge aikin ba, a bar mutum ya rufe baki yawu ya jiƙa wurin. Ba a kurkure baki, ba a kuma sa bututun tsotsa a kan banish ɗin. Wasu suna jin ɗan tsargawa ko zafi a daƙiƙoƙin farko saboda itanol, yana wucewa. Idan kuwa leɓe ko dasashi ya fara kumbura, ko numfashi ya canza, a goge banish ɗin da buroshi a kurkure nan take, a bi matakan gaggawa na alaji, wato ƙin karɓar magani da jiki ke yi.

Ga siraran, bambancin shi ne a busar da wurin sosai, a shafa sau ɗaya, a riƙe baki a buɗe kusan minti ɗaya ga Fluor Protector S kafin a cire auduga. Bifluorid 10 sai an girgiza kwalbar kafin kowace ɗiba. Ga Clinpro XT, a wanke wurin a bar dantin da ɗan damshi, a gauraya man biyu kusan daƙiƙa 15, a shimfiɗa kaurin da bai wuce rabin milimita ba, a haska daƙiƙa 20, a goge saman da jiƙaƙƙiyar auduga, sannan a bi bakin dasashi da tsinke a cire duk abin da ya yi tudu, domin tudu a nan matattarar dauɗa ce.

Sa'o'i huɗu na farko, da abin da ke biyo baya

Fulorayid yana ci gaba da shiga haƙori muddin fatar tana wurin, don haka umarnin bayan shafawa rabin maganin ne. Ga masu kolofoni: sa'o'i huɗu ba goge baki, ba zaren sakace, ba abinci mai tauri ko mai danƙo, ba abin sha mai zafi, ba ruwan kurkure baki mai barasa, tunda zafi da barasa suna narkar da ƙaron. Idan an shafa da yamma, barin gogewa zuwa safiya ya fi. Ruwa da abinci mai laushi ba laifi. Ga siraran, yawanci awa ɗaya ba ci ba sha. Mai shan ƙwayar fulorayid ya dakata na 'yan kwanaki, kuma ba a haɗa banish da wani jel mai ƙarfin fulorayid a rana ɗaya. A gaya wa mutum tun da wuri cewa zai ji haƙoransa da kaushi ko santsin danƙo, don kada ya kankare da farce.

Don jin sanyi, takardar Duraphat ta ce a shafa sau biyu ko uku cikin 'yan kwanaki, ba sau ɗaya a jira wata shida kamar yadda ake yi don rigakafin ruɓewa ba. Da yawa daga waɗanda ke cewa banish bai yi musu aiki ba, sau ɗaya aka shafa musu. A sake auna makin Schiff a mako ɗaya, da mako huɗu, da wata uku. Awon nan take bayan shafawa ba ya nuna komai, domin kowace fata da aka ɗora a kan haƙori za ta tare iska.

A gida, a haɗa da man goge baki da aka yi don wannan matsala: mai fotasiyam naitiret kashi 5, wanda ke kwantar da jijiya kuma yana buƙatar mako biyu zuwa huɗu kafin a ji aikinsa, ko mai sitanos fulorayid, ko mai ajinin kashi 8, waɗanda ke toshe bututu. A tofar da kumfa bayan gogewa, kada a kurkure da ruwa. Buroshi ya zama mai laushi, kuma bayan shan abu mai tsami ko amai a kurkure da ruwa a jira kamar awa ɗaya kafin gogewa.

Batun ajiya ma yana da muhimmanci. Adadin fulorayid da ake ɗauka a matsayin mai haɗari shi ne miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Shafawa ɗaya ga babba mai kilo 60 tana nesa ƙwarai da miligiram 300. Amma bututun mililita 10 yana ɗauke da miligiram 226, kuma ga yaro mai kilo 10, mililita biyu da ɗoriya sun kai iyakar. Kayan asibiti ne, ba a ba mutum ya tafi da shi gida.

Idan ana son gwada biyu a baki ɗaya

Wanda ke son ya ga bambancin samfura biyu da idonsa zai iya zaɓar haƙora biyu masu maki ɗaya a gefe daban-daban, kamar ƙaramin turmi na dama da na hagu a sama, ya shafa wa kowanne nasa, kada ya gaya wa mai haƙoran wanne ne wanne, kuma in da hali wani ne daban zai yi awon. Abubuwa biyu suna rage darajar sakamakon. Fulorayid yana yawo a yawu ya isa ɗaya gefen, don haka bambancin yana raguwa. Jin sanyin dantin kuma ciwo ne da ke sauka da kansa a mutane da yawa, ko saboda bututu suna toshewa a hankali, ko saboda an kula da mutum ya samu natsuwa, har ma a gwaje-gwajen kimiyya rukunin da aka shafa wa abin da ba magani ba yakan samu sauƙi mai yawa. Don haka kada a yanke hukunci da mutum ɗaya ko biyu, kuma makin wata uku ya fi na mako ɗaya nauyi.

Idan maki ya sauka sannan ya dawo cikin mako biyu ko uku, a koma kan tsami da salon gogewa kafin a zargi banish ɗin. A sa mutum ya rubuta duk abin da ya ci ya sha na kwana uku, a kuma sa ya goge baki a gabanka ka ga yadda yake danna buroshi. Idan maki bai motsa ba sam bayan shafawa uku da aka yi daidai, a sake binciken daga farko, da hoton eksire da gwajin cizo, domin tsagewa da ruɓewar da ta ɓuya a tsakanin haƙora su ne aka fi kuskurewa. Idan binciken ya sake tabbatar da dantin ne, sai a hau mataki na gaba: Gluma ko manne na resin, sannan cikon gilas ayonoma ko farin ciko a wuyan haƙorin, sannan dashen dasashi inda saiwa ta fito da yawa kuma ƙashin da ke tsakanin haƙora yana nan lafiya. Cire jijiya shi ne na ƙarshe, ga haƙorin da duk waɗannan suka gaza a kansa kuma ciwon ya hana mai shi ci da sha.